Tambaya da Amsa: Fankar akwatin wutar kwamfutata ta hana ni sakat

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon buga takardu a unguwar Zariya, nan Maradi. Yawancin masu zuwa wurina ɗaliban jami'a ne da masu neman a buga musu takardar neman aiki. Kwamfutata ta tebur ce, ta hannu na saye ta. Tun da hunturun bana ya shigo, in na kunna ta da safe sai ta kama gurnani, gurrr, har maƙwabcin shagona yana jiyowa. In ta ɗan jima tana aiki ƙarar takan ragu, wani lokacin kuma in na bubbuga bayanta da tafin hannu sai ta yi shiru na ɗan lokaci. Na kasa kunne, daga baya ƙarar ke fitowa, daidai inda igiyar wuta ke shiga. Wani abokina ya ce in cire wayar fankar kawai in huta, wani kuma ya ce sai dai in sayi sabon akwatin wuta gaba ɗaya. Ni kuwa hannuna bai da ƙarfi yanzu, kuma da wannan kwamfutar nake ciyar da gidana. Zan iya canza fankar da kaina?

Daga mai shagon buga takardu, Zariya, Maradi.

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa sana'a albarka.

Don Allah kada ka ɗauki shawarar abokinka na farko, ko da na yini ɗaya. Akwatin nan da igiyar ke shiga, aikinsa ya karɓi wutar gari mai bolt 220 ya mai da ita bolt 12 da 5 da 3.3, waɗanda su ne cikin kwamfutar ke amfani da su. Wurin wannan juyin ba duka wutar ke wucewa ba, wata tana komawa zafi. Ko akwati mai kyau, irin mai tambarin 80 Plus, yana iya zubar da kashi ɗaya cikin biyar. Wato in kwamfutarka tana jan wat 200 daga bango, wajen wat 40 zafi ne tsantsa a cikin ƙaramin gwangwanin ƙarfe a rufe. Masu araha sun fi haka zubarwa. Fankar ce kaɗai ke fitar da wannan zafin. Ka cire ta a garin da watan Afrilu ke wuce digiri 40 a inuwa, to akwatin zai gasa kansa. In ka yi sa'a ya kashe kansa ya bar sauran kayan lafiya. In ba ka yi sa'a ba, ya tafi da babban allon kwamfutar da faifan da takardun mutane ke ciki. Na sha karɓar irin waɗannan a teburina, kuma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne fanka ɗaya da ta hana duk wannan asarar.

Yadda ka kwatanta ƙarar ya gaya mini ciwon. Fanka iri biyu aka fi samu a waɗannan akwatunan: mai bushi da mai boris. Mai bushi, ƴar sandar ƙarfe ce ke juyawa cikin zoben tagulla da aka jiƙa da mai. In shekaru suka ja, zafi ya busar da man, ƙurar hunturu ta shiga ta haɗu da ɗan abin da ya rage, sai ramin ya ci ya buɗe, sandar ta fara rawa a ciki. Da sanyin safiya man da ya saura yana daskarewa, shi ya sa gurnanin ya fi yawa sa'ad da ka kunna. In ta yi ɗumi sai ya saki, ƙarar ta ragu. Bugun da kake yi kuwa yana mai da sandar tsakiya ne na ɗan lokaci kawai. Ka daina bugun, domin girgizar tana kaiwa ga faifan ajiya, shi kuma ba ya son a girgiza shi yana cikin juyawa.

Duk da haka ka tabbatar kafin ka kashe ko dala. Buɗe murfin gefen kwamfutar, wannan ba shi da haɗari, wutar da ke yawo a nan ƙarama ce. Naɗe takarda ta zama bututu, ka sa gefe ɗaya a kunne, ka bi fankokin ɗaya bayan ɗaya. Ta kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar da ke kan babban allo, kana iya ɗora yatsa a tsakiyarta ka tsai da ita na daƙiƙa biyu. In gurnanin ya ci gaba, ba ita ba ce. Amma ta cikin akwatin wuta kada ka zura mata komai ta ragar, ko sukundireba ko waya ko tsinken ƙarfe. In kuma abin da kake ji ƙas-ƙas-ƙas ne a jere, mai yiwuwa faifan ajiya ne ke shirin mutuwa, sai ka kwashe takardunka a filashi yau ɗin nan.

Yanzu ga tambayarka, ko za ka iya da kanka. Canza fankar aiki ne mai sauƙi, sukuru huɗu da waya biyu. Abin da ke kewaye da fankar shi ne abin tsoro. A cikin akwatin akwai babban kondansa, baƙi ko ruwan ƙasa, mai kaurin babban batirin tocila, wani akwatin guda biyu gare shi. Shi randa ne: ko an rufe famfo, ruwan da ta tara yana nan. Daga wutar gari yana tara sama da bolt 300, a sababbin akwatuna kuwa ya kusa 400, kuma cire igiya daga bango ba ya zubar da ita nan take. Masu ƙera akwatin suna sa ɗan abin da ke tsotse wutar a hankali, amma a tsohon akwati ba ka da tabbacin yana aiki. Wutar da ke ciki tana iya ƙona yatsa, tana iya jefar da mutum, tana iya taɓa zuciya. Ina faɗa maka wannan da gaske ne, domin kai magidanci ne, akwai masu jiran ka dawo gida.

Don haka ga hukuncina. In ba ka taɓa riƙe mita ka auna wuta ba, raba aikin biyu. Ciro akwatin daga cikin kwamfutar aikinka ne: cire igiya daga bango, ɗauki hoton yadda wayoyin suke da salularka, zare su ɗaya ɗaya, kwance sukuru huɗun da ke baya, akwatin ya fito a hannunka a rufe. Buɗe cikinsa kuma ka kai wa mai gyaran rediyo da talabijin. Ga su nan kewayen babbar kasuwa, kuma sun fi yawancin masu gyaran kwamfuta sanin halin kondansa, domin da shi suke kwana suke tashi. Ka tsaya a kansa ka ga yadda yake yi. Abin da zan faɗa a ƙasa zai amfane ka ko kai za ka yi ko shi, domin da shi za ka gane ko ana yi maka aikin kirki.

Bayan an cire igiya, kafin a zare wayoyin ciki, a danna maɓallin kunna kwamfutar a riƙe na ɗan lokaci. Wani lokacin za ka ga fanka ta motsa kaɗan ta tsaya, ragowar wuta ce ta fita. Wannan yana ragewa, ba ya ba da tabbaci. In da hali, bar akwatin ya kwana. Da safe a cire zobe da agogon ƙarfe, a sa takalmin roba, a yi aikin kan teburin katako busasshe. Murfin yana da sukuru huɗu ƙanana, ɗaya sau da yawa yana ɓoye ƙarƙashin sitika. Yage sitikar yana kashe garanti, amma kai da ka sayi ta hannu wannan bai dame ka ba. In an ɗaga murfin, fankar ko dai tana manne da shi ko da bangon baya. Ba a bukatar a ciro allon da ke ƙasa, ba a bukatar a taɓa komai a kansa. Musamman dogayen ƙarafan alminiyom ɗin nan masu haƙora da ke shanye zafi, mutane suna ɗauka ƙarfe ne kawai su dafa, alhali a wasu akwatunan na ɓangaren babban kondansa yana ɗauke da wuta. Mai gyara in zai zubar da wutar kondansa, da kwan lantarki irin na da mai zare yake yi ko da resista, ɗan abin da ke rage gudun wuta, sannan ya auna da mita ya ga ta sauka. In ka ga ya ɗauko sukundireba zai haɗa ƙafafun biyu don ta yi tartsatsi, ka ce ya dakata. Wannan yana lalata kondansan, yana kuma iya fallatsa masa narkakken ƙarfe a ido.

Kafin ka sayi fanka, ka duba cikin da ido tukuna, domin a nan ne za ka san ko abokinka na biyu yana da gaskiya. A gefen da tarin wayoyi masu launi ke fitowa akwai ƙananan kondansa a tsaye, kowanne da alamar tsaga a kansa. Lafiyayye kansa a shafe yake. Wanda ya gaji kansa yana kumbura, wani har ya tsage ya fitar da wani abu ruwan ƙasa ya bushe a kai. Sunsuna kuma. In akwai ƙaurin ƙuna, ko allon ya yi baƙi-baƙi a wani wuri, to zafi ya riga ya yi ɓarna, sabuwar fanka ba za ta mayar da shi ba. Masu ƙera kondansa suna da lissafin da suke bi, cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba kwanansa biyu, shi ya sa su ne ke fara faɗuwa in fanka ta yi rauni. In ka ga haka, ko dai mai gyara ya canza su tare da fankar, ko ka haƙura ka nemi wani akwatin. In kuwa komai tas yake ban da ƙura, sayen sabo ɓarnar kuɗi ce, domin kuɗin fanka bai kama ƙafar na akwati ba.

Akwai kuma abin da ya shafi irin kwamfutocin da muka fi samu a nan. Da yawa tsofaffin injunan ofis ne na HP da Dell da ake shigowa da su, wasu ta Kano da Katsina, wasu ta Kwatano. Ƙananan cikinsu, masu kwanciya a kan tebur, akwatin wutarsu ba irin na gama-gari ba ne. Siffarsa daban, bakin wayarsa daban, wani mai ƙafa 6 ko 8 maimakon 24. In taka irin wannan ce, akwatin da ke jere a shaguna ba zai shiga ba, kuma neman irinsa na iya ɗaukar ka makonni. Ga mai irin wannan injin, gyaran fanka shi ne hanya mafi kusa.

Wurin sayen sabuwa ka tafi da tsohuwar a aljihu. A bayanta akwai sitika mai rubutu, abu uku za ka duba. Girma: tsofaffin akwatuna masu fanka a baya milimita 80 ne, masu babbar fanka a ciki 120 ko 140, kauri yawanci 25. Ƙananan injunan ofis suna da nasu ƙananan, wasu kuma sirara ne, don haka a gwada da tsohuwar baki da baki. Sai bolt, wanda kusan kullum 12 ne. Sai amfiya, wato yawan wutar da fankar ke ja, za ka ga an rubuta kamar 0.20A ko 0.30A. Nemi wadda lambarta ta yi daidai da tsohuwar ko ta kusa. A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Mutum ya gaji da ƙara, sai ya je ya zaɓo fankar da ta fi kowacce shiru, mai 0.08A, ya saka ya ji daɗi. Ita kuwa shirunta na rashin gudu ne, iskar da take turawa ba ta kai ta tsohuwar ba ko kusa. Irin waɗannan an yi su ne don ɗaki mai sanyi, ba don shago mai rufin kwano a Maradi ba. Ni in an ba ni zaɓi a garin nan, mai boris nake ɗauka. Tana da ɗan sauti siriri ko tana sabuwa, amma ta fi jure zafi, kuma ba ta damu ba ko a tsaye aka ɗaura ta ko a kwance. Mai bushi in aka kwantar da ita, kamar yadda masu 120 suke zama, ta fi saurin cinyewa.

Wani abu da ba kowa ya sani ba: yawancin akwatuna ba sa ba fankar bolt 12 cif tun farko. Suna farawa da kaɗan, wajen 5 ko 6, sai zafi ya ƙaru su ƙara mata. Akwai fankar da ba ta iya tashi da ƙaramar wuta haka, sai ta tsaya tana kakkarwa. Don haka in za ka saya, musamman in ta hannu ce da aka ciro daga mataccen akwati, ka sa mai shagon ya gwada maka ita da bolt 12, sannan da bolt 5. In ta tashi da kanta a 5 ba tare da an tura ta da yatsa ba, ta yi. Ka kuma kama fiffikenta ka ɗan girgiza gefe da gefe. In tana lilo, ita ma ta kusa. Mai waya biyu ka fi so, ja da baƙa. Mai waya uku ma tana yi, ta ukun, wadda sau da yawa rawaya ce, ta ƙirga gudu ce kawai, sai a naɗe bakinta da tef a bar ta. Mai waya huɗu ka bar ta, ba a yi ta don irin wannan aikin ba.

Haɗin wayar kuwa, tsohuwar fankar ko dai tana da ɗan farin fulogi mai rami biyu da ke shiga allo, ko an like ta da dalma kai tsaye. Ko wanne ne, hanyar da na fi amincewa da ita ɗaya ce: a yanke tsohuwar wayar can kusa da jikin fankar, a bar doguwar jelar manne da allo, a haɗa sabuwar a kanta, ja da ja, baƙa da baƙa. Da haka ba a kusanci allon da ƙarfen dalma ba, kuma an kauce wa wata matsala, domin fulogan nan ko sun yi kama, wani kamfanin jar wayarsa na dama, wani na hagu. A like haɗin da dalma, kada a murɗa da hannu kawai a bari. A rufe kowanne daban da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi, in babu a naɗe da baƙin tef mai kyau. Ni nakan yanke ɗaya ta fi ɗaya tsawo da kamar faɗin yatsa biyu, don kada haɗin biyu su zauna kafaɗa da kafaɗa, ko tef ya saki ba za su taɓa juna ba. Sannan a ɗaure wayar gefe, nesa da fiffike da ƙarafan nan masu zafi.

Kada a juya fuskar fankar. Iska tana fita ne ta gefen da sitika da sandunan robar da ke riƙe da motar suke, wasu ma akwai ƴar kibiya a jikin firam ɗin. Mai 80 da ke baya tana tura iska waje, don haka sitikarta na kallon waje. Babbar ta 120 tana hura iska cikin akwatin ta fita ta ragar baya, don haka sitikarta na kallon allo. Ka ɗauki hoton fankar kafin a kwance ta, shi zai raba gardama. In ka tarar da wata farar roba mai haske da ta rufe wani yanki na tsohuwar fankar, ba shara ba ce, ita ke karkata iskar zuwa inda ake so. A mayar da ita yadda take.

In yau ba ka samu fankar da ta dace ba, kuma ga aikin mutane a hannunka, akwai dabarar jan lokaci. Bayan an ciro fankar, ɗaga sitikar a hankali da bakin reza. A ƙarƙashinta za ka ga ɗan murfin roba zagayayye, cire shi da bakin allura. Ga kan sandar nan, kewaye da ita wani busasshen abu ja-ja, ragowar mai ne da ƙurar garinmu. Goge shi da auduga a bakin tsinke, ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya ko biyu, wanda kowane tela ke da shi, juya fiffiken da yatsa har ka ji ya saki, mayar da murfin, like da tef. Kada ka sa man gyaɗa, ko da yake shi ya fi kusa da hannu a nan. Kwana kaɗan zai yi danƙo ya riƙe sandar gaba ɗaya. Wannan dabarar tana iya kai ka makonni ko ƴan watanni, amma ramin da ya ci ba ya komawa, ka ci gaba da neman sabuwa.

A rufe murfin a ɗaure sukurorinsa kafin a mai da wuta, kada a gwada shi a buɗe. In akwatin na gama-gari ne mai ƙafa 20 ko 24, ana iya tada shi shi kaɗai: a babban fulogin akwai koriyar waya guda ɗaya tak, a haɗa ta da kowace baƙa da guntun waya, sannan a sa igiya a bango. Fankar ta tashi, ka kara ƴar takarda a ragar baya ka ga iska na tura ta waje. Mai mita ya auna: rawaya da baƙa tsakanin 11.4 da 12.6, ja da baƙa tsakanin 4.75 da 5.25. A ƙananan injunan HP da Dell kada a yi wannan haɗin, launukan wayoyinsu ba sa bin wannan tsarin, sai dai a mayar da akwatin cikin kwamfutar a kunna.

In ka gama, ɗaga kwamfutar daga ƙasa ka ɗora kan tebur ko benci, ka bar mata kamar taƙi ɗaya tsakaninta da bango. Duk ƙarshen hunturu ka fitar da ita waje ka hure ƙurar da buluwa, kana riƙe da fiffiken kowace fanka da tsinken itace don kada iskar ta juya ta fiye da ƙima. Iskar mai faci tana zuwa da ruwa a ciki, in ita ka samu ka bar injin ya bushe sosai kafin ka kunna. Allah ya ba da sa'a, ya ƙara kasuwa.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ni sakatariya ce a wata makaranta a Tasawa. Kwamfutar ofishinmu ta yi ta ƙara wajen wata biyu, sai ta daina da kanta, muka ce ta warke. Amma yanzu in rana ta take sai ta mutu tana cikin aiki, sai ta huta sannan ta yarda ta tashi. Mene ne abin yi?

AMSA

Malama, barka kadai. Fankar da ta yi wata biyu tana kuka ba ta warkewa da kanta, ta ƙafe ne ta tsaya. Mutuwar da kwamfutar ke yi da tsakar rana kariya ce, zafi ne ya kai inda ta ga gara ta kashe kanta. Gobe da safe ki kunna ta, ki kara bayan hannunki a ragar da ke kusa da inda igiyar wuta ke shiga, ki kuma haska da tocilar salula ki leƙa. In babu iska, fiffiken kuma a tsaye yake, ki kashe ta ki cire igiyar daga bango, kada a sake aiki da ita sai mai gyara ya gani. Akwai sababbin akwatuna masu tsada da aka yi su da gangan fankarsu ba ta juyawa sai aiki ya yi nauyi, amma su ba sa kashe kwamfuta, kuma ba sa fara yin wata biyu suna ƙara. In kuma kin ji iska na fita lafiya, to ta kan furosesa ce ta tsaya ko ƙura ta toshe ta, a buɗe gefe a duba.

Ki gaya wa mai gyaran ya duba kawunan ƙananan kondansan nan da kyau, domin naku akwatin ya riga ya yi kwanaki yana aiki ba iska. Kuma kafin a ɗauki kwamfutar daga ofis, a kunna ta sau ɗaya da sanyin safiya, na ƴan mintuna kawai, a kwashe sunayen ɗalibai da sakamakon jarrabawa a filashi biyu, ɗaya a wurinki, ɗaya a wurin shugaban makaranta.